An Ba Ɗan Kokawa Ɗakin Inna

Ranar da aka ƙwace mini kaskon ƙosai na san gasar nan ba za ta bar mu lafiya ba. Wasu samari ne suka zo cikin riguna masu ƙyalli, suka ce kwamitin tsaro ya zauna ya gano cewa tafasasshen mai makami ne, kuma ba za a bar makami a bakin titin da baƙi za su bi ba. Na ce tun kafin a haife ku nake suya a wurin nan, wa na taɓa watsa wa mai? Suka ce ai ba a jira sai an watsa. Suka ɗauke kaskon, har da duwatsun murhu.

Gasar kokawa ce ta ƙasa da ƙasa aka ce Tambuwal za ta karɓa, 'yan kokawa daga Nijar da Binin da Togo har da Senegal. Aka shafa wa gindin itatuwa farin fenti. Aka yi wa katangun bakin titi kwalliya ta waje, ta ciki kuwa ko oho. Aka hana 'yan kabu-kabu shiga gari, aka ce kowa ya ɗaure akuyarsa, mai jaki kuma ya san yadda zai yi da kukansa. 'Yan bangan da ke gadin ƙauyukan Kebbe aka kwaso su kaf, aka ɗinka musu sabon kaki, aka jera su a bakin filin kokawa. Sannan aka ja igiya a kowace hanyar shigowa gari, ba mai wucewa sai da kati rataye a wuya.

Zaman dole ya same ni a gida, kuma katangar da ta raba ni da gidan Ladan ba ta kai kafaɗata ba. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Ladan mai shagon cajin waya ne, sai Allah ya ɗaga shi aka sa shi a kwamitin masaukin baƙi. Aka ba shi riga mai ƙyalli da kati da waya irin ta masu gadi. Tun ranar bai sake cire rigar ba, da ita yake alwala, da ita yake cin tuwo. Ya roƙi a saukar da baƙo a gidansa, aka ce sharaɗi ɗaya ne: gidan da zai sauki baƙo kada a samu ɗan gudun hijira a ciki, don kada baƙi su koma ƙasashensu su ce ba zaman lafiya a nan. Ladan ya rantse a gaban Ciyaman ɗin kwamiti cewa gidansa fes yake. Alhali uwarsa, Inna Batula, tana ɗakin ƙurya tun lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyensu can bayan Kebbe.

Baƙon da aka ba shi sunansa Tambaya, daga hayin iyaka, ƙato ne da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Ya zo da makaɗansa da bokansa da wani farin rago. Bokan ne ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa daɓe da sanda. Ya shiga falon da Rauda matar Ladan ta kwana tana gyarawa, ya fito yana girgiza kai. Ɗan kokawa ba ya kwana a kan siminti, in ji shi, dole sai ɗakin da za a haƙa a binne layu a ƙarƙashin shimfiɗa. Duk gidan ɗaki ɗaya ne mai daɓen ƙasa, na Inna, domin lokacin da aka zo kansa ne Ladan ya ce siminti ya ƙare.

"Inna, kwana kaɗan na," in ji Ladan, yana tsaye a bakin ƙofarta. "Layunshi ƙasa a abincinsu. Kuma ke ma ki samu lada, ɗakinki za shi shiga tarihi."

"To ni ina za ni kwana?"

"Madafi. Ai ya ma fi ɗumi."

Inna ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki ƙullin kayanta da butarta. "Allah shi ba da sa'a," shi ne duk abin da ta ce.

Madafin bai daɗe a hannunta ba. Bokan ya ce ragon na sadaka ne, kada raɓa ta taɓa shi kafin ranar karo, kuma ba a haɗa shi kwana da mace. Aka shigar da rago madafi, aka kafa wa Inna rumfar kara a bayan rumbu. Na leƙa ta katanga na ce wa Rauda, yanzu tsohuwar nan ce a waje, dabba a ɗaki?

"Gwaggo Ni'ima, ni bin umarni nika yi," ta ce, tana gyara ɗaurin kallabi don a ɗauke ta hoto da makaɗa. "Kuma Inna da kanta ta fi son iska, ɗaki takura ta shika yi."

Na tare Ladan a zaure na ce ya ba ni ita ta zauna wurina har baƙi su watse, ɗakina ya ishe mu. Sai ya zaro ido kamar na zage shi.

"Haba Gwaggo! A ce uwata tana kwana gidan maƙwabta ina da raina? Mi mutane za su ce?"

Na koma wurin Inna na ce ta tsallako kawai, ba sai da izininsa ba. Ta kama hannuna ta saman katanga ta ce, "Ni'ima, kar ki ja wa yaron nan magana. Yanzu Allah ya fara dubin shi." Wallahi raina ya ɓaci da ita ma, na shige ɗaki na bar ta.

Sai bokan ya zo da sabuwa. Idon tsohuwa, in ji shi, yana kwance ƙarfin ƙato, kada ta kuskura ta ga bayan Tambaya, kada kuma ta taka sawunsa. Rauda ta ba ta faifai. Duk lokacin da aka ji motsin ƙaton zai fito, sai makaɗi ya buga ganga sau ɗaya, Inna ta rufe fuska da faifai har ya wuce. In tana son zagawa bayan gida sai ta jira an share tsakar gida, kuma mai sharar sai ta ga dama. Na sha ganin ta zaune ta matse, faifai a fuska, tana jan carbi ta ƙasa. Da ta ga abin ya yi yawa sai ta rage shan ruwa.

Shi Tambaya, in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Wata safiya ya tsaya ya dubi faifan da ƙafafun da ke ƙarƙashinsa, ya tambayi Ladan wace ce wannan baiwar Allah.

"Wata tsohuwa ta nan unguwa," in ji Ladan. "Tana zuwa taya mu shiƙa."

Ƙaton ya durƙusa ya gaishe ta. Faifan ya amsa masa da lafiya lau.

Sanyin waje ya sa mata tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Tana toshe baki da gefen zani, amma tari ba ya jin lallashi. Bokan ya ce tarin yana tsinka wa ƙato barci, kuma barcin ɗan kokawa rabin ƙarfinsa ne. Ladan kuma ya ji cewa kwamiti zai zagayo duba masaukai, Ciyaman da kansa. Ya zo ya tsuguna gaban rumfar, ya sassauta murya.

"Inna, ki ɗan je gida ki huta. Ki gano 'yan'uwa, ki sha iskan ƙauye. Da an ƙare gasa ni da kaina za ni ɗauko ki."

Ban san lokacin da na ɗora haɓa a kan katanga ba. "Wane gida? 'Yan bangan garinsu duk ga su can kun sa musu kaki suna gadin fili. Wa ya rage can?"

"Ai shi ya sa nic ce ta tafi, Gwaggo," ya ce, ko kunya babu. "Duk ɗan bindigan da ke da hankali, mi za shi nema ƙauye alhali manyan mutane duk suna nan? Yanzu nan ɗin a wurin hatsari. Can lafiya lau, ba ki ji rediyo ba?"

Ya bi da ita ta lungun baya don kada a haɗu da baƙi, tana tafe tana hutawa, ƙulli a ka. A bayan igiya ya ɗora ta a kan kabu-kabu. Katin wuya bai yi mata ba, ya ce mai fita ba ya buƙatar kati.

Aka buɗe gasa. Ganguna suka cika gari, jiniya ta hana kaji sakat, masu ɗaukar hoto suna ta ɗaukar gindin itatuwanmu. Ranar karon Tambaya aka yanka farin rago, aka tono layu aka ɗaura masa har ba a ganin damtsensa. Ladan ya riƙe masa ruwa zuwa fili, ƙirji a gaba. Wani siririn yaro daga Togo ya shiga ƙarƙashinsa, kafin makaɗa su gama kirari ƙato yana ƙasa yana kallon sama. Bokan ya dawo gida ya shinshina bango, ya ce tsohuwar ta tafi amma ta bar tarinta a cikin gini. Aka mayar da layun rami, aka yi ta turare, ƙato ya ci gaba da zama a ɗakin yana cin kaji, tun da baƙo baƙo ne har a rufe taro.

Ana cikin haka labari ya iso. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen su Inna da rana tsaka, ba su harba ko harsashi ɗaya ba, don ba su tarar da ɗan banga ko ɗaya da za su harba ba. Sun kora shanu, sun kwashe rumbuna, sun ce za su dawo. Mutanen gari suka ɗebi abin da za su iya suka kamo hanyar Tambuwal, inda aka ce tsaro ya taru. Igiyar hanyar Kebbe ta tsayar da su.

Na dama kunu na rataya katina na tafi. Na tarar da su zube a gindin itatuwa, waɗanda ba a shafa wa fenti ba, mata da yara da tsofaffi. An kafa buhunan leda a gabansu don kada a hango su daga titi. Inna tana jingine da ƙullinta, ƙafafunta sun kumbura, leɓɓanta sun bushe. Hawaye suka zubo mini. Na kama ta muka nufi igiya.

Shugaban masu gadin wani dogo ne da kamfanin tsaro ya turo daga nesa, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce doka a fili take: marar kati ba ya shiga sai in yana da ɗan'uwa a cikin kwamiti, kuma shi da bakinsa zai faɗi sunan ɗan'uwan. Na ce alhamdulillahi, ɗanta na cikinta ɗan kwamiti ne.

"Mama, faɗi sunan ɗanki."

Inna ta sunkuyar da kai. "Yaron nan ne... mai gidan Rauda."

"Suna nake so."

"Mai cajin waya."

"Suna, Mama."

Sai a lokacin na tuna Ladan ɗan fari ne. Inna mutuniyar zamanin da ce, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a ɗaki, ko a cikin addu'a. Kunyar ɗan fari a wurin irinsu ba abin wasa ba ce, da ita suke nuna cewa ɗan ya fi ƙarfin a kira shi kamar kowa. Na ce wa dogon sunansa Ladan. Wani ɗan banga, Mannir, ɗan ƙauyensu ne da aka sa wa kaki, ya matso ya ce, "Oga, ɗan farinta na, ba ta faɗi. Ladan a sunan, kowa ya sani." Matan da ke bayan buhuna suka ɗauka, Ladan, Ladan, har yara suna tayawa. Dogon ya ce wannan shi ake kira haɗin baki, kuma ainihin abin da aka horar da su su kula da shi ke nan. Tsohuwar da ba ta san sunan ɗanta ba, in ji shi, abin tuhuma ce.

Da na ishe shi da masifa ya yarda ya kira Ladan a waya. Ladan ya iso yana haki, kuma rashin sa'a, ko sa'a, a daidai lokacin motar Ciyaman ta tsaya da wasu baƙi masu kyamara da suka fito ganin yadda aka tsare gari. Ciyaman ya sauke gilashi yana kallo.

"Ka san wannan matar?" in ji dogon.

Ladan ya dubi motar, ya dubi rigarsa. Uwarsa ce kaɗai bai duba ba.

"Na san ta a ido," ya ce. "Mutanen Kebbe na. Mukan taimaka musu."

Na buɗe baki zan tona masa asiri, sai na ji yatsun Inna sun nutse a hannuna.

"Gaskiya yaron ya faɗi," ta ce. "Mu koma, Ni'ima."

Ciyaman ya yaba wa Ladan da rashin son kai, aka ɗauke su hoto a jikin igiya. Da motar ta wuce ya zagayo bayan buhuna yana raɗa. "Inna, kin ga dai yadda abin yake. Da na amsa, da rigar da baƙon duk sun tafi. Ki ƙara haƙuri, an kusa." Ya cusa mata lemun kwalba guda cikin ƙulli, irin wanda aka raba wa 'yan kwamiti, ya koma bakin aiki.

Haka ta zauna a wurin har aka gama. Kullum ina kai kunu da abin da ya samu, ina tarar da tarin ya ƙaru. Rauda ta aiko mata da faifan, wai ta riƙa kare rana. Daga inda suke ana jin lasifikar fili tar, ana jin duk wanda aka kayar. Inna ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, amma ta daina tambayata ko yaron nan ya ci abinci.

Ranar rufewa lasifika ta sanar cewa ba a taɓa gasa mai tsaro irin wannan ba, ko takalmi ba a sace wa baƙo ba, ba a ga ɗan gudun hijira ko ɗaya a cikin gari ba. Saboda haka an sake ba Tambuwal gasar baɗi. Aka yi ta tafi. Motocin baƙi suka fice, masu gadi suka naɗe igiyarsu suka jefa a mota, mutanen Kebbe suka miƙe suna karkaɗe zannuwa, ba wanda ya gaya musu inda za su.

Sai ga Ladan a kan babur, rigar na nan, an ƙara masa lambar yabo a ƙirji.

"Inna, taso mu tafi gida, an buɗe hanya. Ba nic ce maki ni za ni ɗauko ki ba?"

Ta ɗago kai tana dubansa.

"Sai dai ɗakin," ya ce, yana sosa ƙeya. "Boka ya ce a bar layun nan ƙasa su jiƙa har baɗi, tun da mu za mu sake yi, kuma Tambaya za shi dawo ramuwa. Mace ba ta kwana bisansu. Amma madafi ya samu, rago ya tafi. Rauda ta share shi tas."

Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe a hankali. Ta gyara mayafinta. Sannan ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke gindin itatuwan zai ji.

"Ladan," ta ce. "Matsa ka ba ni hanya."

Matan ƙauyensu suka rufe baki. Wata tsohuwa ta hau salati. Mannir ya juya baya yana goge ido da hular kakinsa. Shi kuwa Ladan ya saki babur ɗin ya faɗi, ya tsaya baki buɗe, don ya fi kowa sanin abin da ya ji. Ta kira shi ne yadda ake kiran kowane yaro a kasuwa.

A ɗakina take yanzu. Tarin ya yi sauƙi, ta ma fara taya ni wankin wake tun da an mayar mini da kasko, ko da yake ba nawa ba ne. Ɗakinta na can a kulle da sabon kwaɗo, layu suna jiƙa. Ladan yana shigowa gaisuwa kowace safiya, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya kawo shayi da burodi. Tana karɓa, tana amsawa da fara'a: lafiya lau, Ladan, ya iyali, Ladan, ka gaida gida, Ladan. Duk kira ɗaya sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Jiya ya kasa tashi, ya zauna dirshan a ƙasa, rigar ƙyallin duk ta yi datti.

"Inna, don Allah don Annabi," ya ce, "ki koma ce man yaron nan."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

"To, Ladan," ta ce.